Iskar tayar tsohuwar MG: 21, 40 ko 44?

Jiya da magariba ka tare ni da tambaya ina saurin zuwa masallaci, na ce ka bari sai mun zauna. Ka ce littafin jar motar nan ta Alhaji ya rubuta a ba tayoyin gaba iska 21, na baya 24 (a ma'aunin PSI, wanda ake auna iskar taya da shi), a jikin tayar kuma ka ga an buga 44, alhali a bakin titi duk motar da ta tsaya 40 ake ɗura mata. Wanne za ka bi? To jawo benci, yaro.

Fara cire 44 daga ranka. Kamfanin taya ne ya rubuta ta, kuma abin da yake nufi shi ne iyakar iskar da za a ba tayar, ba abin da motar take so ba. Mai yin taya bai san motar da za a ɗaura wa ba. Ita kuwa 40 ɗin nan ta masu faci, ba littafin da ya zo da ita. Sabo ne da motocin haya masu lodin da ya fi ƙarfinsu, da tsoron kada mai mota ya dawo gobe ya ce taya ta kwanta.

Wannan motar MGB ce. A garin Abingdon na Ingila aka ƙera irinta daga 1962 zuwa 1980. Kujera biyu, inji lita 1.8, nauyinta duka bai wuce wajen tan ɗaya ba. Ɗan nauyin nan shi ke danne taya ta kama kwalta. Ka cika ta da 40, tayar ta ƙame kamar ganga, tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa. Ni na taɓa yin wannan wautar ina yaron shago kamarka. Aka kawo wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen kai, na ɗura mata iska irin ta Fijo mai lodi ina jin na burge. Maigidana bai ce uffan ba, sai ya ce in shigo mu gwada. Muna hawa gargada haƙorana suka fara haɗuwa, bayan motar yana tsalle yana gocewa gefe kamar akuyar da aka ja da igiya. Da muka dawo ya miƙo mini geji ya yi tafiyarsa. Ban sake ba.

Saura 21 da 24. Nan ne maganar take, don lambar gaskiya ce, amma ta tayar wancan zamanin ce.

MGB na farko da taya mai zaren gicciye suka fito. Zaren da ke cikinta a karkace yake, ɗaya bisa ɗaya kamar saƙar tabarma, gefenta da tauri, ba ta buƙatar iska mai yawa kafin ta tsaya. Daga baya radiyal ta mamaye kasuwa, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. Ita zarenta a miƙe yake daga baki zuwa baki, da ɗamarar waya a ƙarƙashin zanen, gefenta kuma da laushi. Shi ya sa za ka gan ta da ɗan tumbi a ƙasa ko da iskarta daidai take, kuma shi ya sa ba a auna radiyal da ido ko da harbin ƙafa. Lambobin 21 da 24 na radiyal ɗin shekarun 1960 da 1970 ne. Tayar da ke ƙafar motar Alhaji yau girmanta ɗaya da waccan, amma roba da ginin sun canza, ga titinmu da ramuka masu kaifin baki. A 21, in ta faɗa rami da gudu, gefen tayar zai matse tsakanin rim da bakin kwalta. Don haka ni littafin mafari nake ɗaukarsa. A wannan motar zan fara da 24 gaba, 27 baya, in hau in ji.

Ka lura na ƙara 3 a gaba, na ƙara 3 a baya. Tazarar nan ta 3 tsakanin gaba da baya ita ce abin da ba na so ka taɓa, ko da ka manta duk sauran. Taya mai ƙarancin iska tana murɗewa a kwana, ta bi gefe maimakon inda aka nufa. In gaba ne ya yi laushi, sitiyari zai yi nauyi, kana juyawa motar tana son wucewa kai tsaye. Wannan da sauƙi, direba zai ɗaga ƙafa ta dawo hanya. In baya ne ya yi laushi, gindin motar ne zai zagayo ya nemi wuce kanta, kuma ba kowane direba ke iya kamo ta ba. Masu ƙirar sun ba baya iska fiye da gaba don ta zauna lafiya a kwana.

A motar da injinta ke baya abin ya fi haka tsanani. Chevrolet Corvair ta Amurka, ta farkon shekarun 1960, 15 ake ba gabanta, 26 bayanta. Masu gidajen mai suka riƙa daidaita ƙafa huɗun kamar sauran motoci, ita kuma ta riƙa juyewa da mutane a kwana, har sunanta ya ɓaci. Volkswagen ƙirar kunkuru da aka riƙa haɗawa a Legas, da Porsche 911, duk bayansu ya fi gabansu iska. In irinsu suka shigo shagon nan, nemo lambarsu kafin ka taɓa tiyo.

Yadda za ka gane ko 24 da 27 sun yi: ɗauko alli, ja layi mai kauri a kan zanen kowace taya daga wannan baki zuwa wancan. Tuƙa a miƙe a kan kwalta mai santsi kamar tsawon filin ƙwallo, ka sauko ka duƙa. In allin ya goge a tsakiya ya bar gefuna, iska ta yi yawa. In gefuna suka goge tsakiya na nan fari, ta yi kaɗan. Sannan kwana. Motar nan ba ta da fawa sitiyari, duk abin da taya take ji yana zuwa tafin hannunka. Ƙara ko rage 2 kawai a lokaci guda, gaba da baya tare, ka bi hanya ɗaya, ka rubuta. In tafiya mai nisa ce da gudu, ko an cika but da kaya, littafin da kansa ya ce a ƙara.

Duk awon nan da sanyin taya ake yi, kafin motar ta motsa, kuma ba wadda ta wuni a rana ba. Kusan kowane digiri 6 na zafi yana ɗaga iska da 1. Tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara sai ka ga bambancin da ya kusa 4 ba wanda ya taɓa bawul. In mota ta dawo daga tafiya ka tarar iska ta hau, kada ka sace ta. In ka sace, da tayar ta huce iskar za ta koma ƙasa da yadda ya kamata. Gejin jikin kwamfaresanmu kuwa ya sha faɗuwa, ban yarda da shi ba. Yi amfani da ƙaramin da ke cikin durowata.

Abu biyu game da ita wannan motar. Rim ɗinta mai sifok ne irin na keke, iska na bi ta ramukan, dole sai da tub a ciki. Kafin ka sa tub, duba robar da ke rufe kawunan sifok ɗin, ka shafa cikin tayar da hannu ka ɓare duk wata takarda da aka manna. Na sha ganin ɗan lakabin nan ya goga tub har ya huda, musamman in iska ta yi ƙasa tayar tana lanƙwasa tana zafi.

Na biyu, shekarunta. Motar biki ce, Alhaji ba ya fito da ita sai da sallah ko ɗaurin aure, don haka zanen tayar ba zai suɗe ba har robar ta mutu. Nemi inda aka rubuta DOT a gefe, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000. Wadda ta haura shekara 10 ba iskar da za ta gyara ta, ko da zanenta na sheƙi. Ɗazu na leƙa ta bayan hagu na ga tsaga-tsaga kamar ƙasan tafki da rani. Ni zan gaya wa Alhaji da bakina, kai kada ka tanka masa.

Gobe bayan asuba ka riga rana zuwa. Auna duka huɗun har da safaya, ka rubuta abin da ka tarar a jikin kwali kafin ka ƙara ko ka rage komai, sannan ka sayo alli a wurin mai tebur.