Kada ka taɓa ƙamus ɗin da hannu, DROP ne aikin

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka ce kana gwajin Oracle, manhajar rumbun adana bayanai, don aikin makaranta a nan Damagaram, kana so ka share sunan wani tsohon tebur daga USER_TABLES da DELETE, ya ƙi.

Dole ya ƙi. USER_TABLES taga ce kawai da kake leƙa ƙamus ɗin bayanai, wato inda Oracle ke ajiye bayanin teburan da sauran abubuwan da ke cikin rumbun. Ainihin teburan ƙamus ɗin suna hannun SYS, babban asusun Oracle, kuma Oracle da kansa ke rubuta su. In ka kutsa can ka goge layi, ƙamus zai riƙa faɗin abu ɗaya, rumbun na ɗauke da wani, gyaransa kuwa sai mai haƙuri.

Abin da za ka rubuta shi ne DROP TABLE da sunan teburin, sunan zai ɓace daga ƙamus da kansa. In wasu tebura na jingine da shi ta mabuɗin waje (foreign key, abin da ke ɗaure tebur da wani tebur), zai ƙi, sai ka ƙara CASCADE CONSTRAINTS. Amma ka fara duba USER_DEPENDENCIES, mai nuna abubuwan da ke dogara da teburin, domin duk wani view (taga irin USER_TABLES) ko procedure (ajiyayyen jerin umarni) da ke kiran teburin zai lalace, ba gogewa zai yi ba.

Ka kula, ROLLBACK, umarnin janye canjin da ka yi, ba ya dawo da abin da DROP ya share. Sai dai tun daga Oracle 10g teburin yana faɗawa kwandon shara, kana iya ciro shi da FLASHBACK TABLE ... TO BEFORE DROP. In ka haɗa DROP da PURGE kuwa, shi ke nan, sai kwafin ajiya. Ni dai ba na sa PURGE sai na ga komai na tafiya daidai.