Tambayoyin Masu Karatu: Sauya Kikstata a Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Kik ɗin motata ya mutu, na sayo wani. Ina da sifanoni kuma ina ɗan taɓa ƙananan gyare-gyare. Zan iya ɗaura shi da kaina? Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, muddin kik ɗin, wato na'urar da ke juya inji ya tashi in an murɗa makulli, yana inda hannu ke kaiwa. A yawancin motoci yana jikin giyabos, daidai mahaɗarsa da inji, noti biyu ko uku ne ke riƙe da shi. Amma akwai injinan da aka ɓoye shi ƙarƙashin manifol, kamar wasu V8 na Toyota da Lexus. Irin wannan ka bar wa makanike, don sai an sauke kayan saman inji kafin a gan shi.

Aikin farko shi ne cire kan batir na nagatib, mai alamar ragi, ka kawar da shi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. Ba ma sassautawa a kan wannan. Babbar wayar da ke shiga kik daga batir take zuwa kai tsaye, kullum da wuta a jikinta ko da makulli yana aljihunka, kuma a motoci da yawa babu fis a kanta. Sifana ta haɗa ta da bodi, nan take za ta yi ja, ta ƙona hannu, batir ma yana iya fashewa. Idan ta ƙasa za ka shiga, ja birkin hannu, sa waigi a taya, ka tokare motar da ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba abin kwanciya ƙarƙashinsa ba ne. Ka kuma bari salansa ta huce.

Ɗauki hoton wayoyin kik ɗin da wayar salularka kafin ka taɓa su. Biyu ne galibi: babba mai notin da sifana mai lamba 12 ko 13 ke kamawa, da ƙarama mai soket ko ɗan ƙaramin noti, wadda ke kawo umarni daga makulli. Cire su tukuna, sannan notocin jiki, waɗanda kan kasance 13 zuwa 17. Sassauta duka kafin ka zare ko ɗaya, ka tallafe kik ɗin da hannu yayin zare na ƙarshe. Yana da nauyin kilo uku zuwa biyar a ƙaramar mota, kuma idan ya rataya a jikin waya zai tsinka ta.

Yanzu ajiye tsoho da sabo gefe da gefe, a nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ƙirga haƙoran bendis, wato ƙaramin giya mai haƙora da ke bakin kik, ɗaya bayan ɗaya; mai 9 da mai 10 ko 11 kamanninsu ɗaya a ido. Duba tazarar ramukan noti, tsawon hancin da ke shiga giyabos, faɗin da'irar da ke zama cikin ramin, da ɓangaren da solonoid yake, wato ɗan gwangwanin jikin kik da wayoyi ke shiga. Karanta lamba da ƙarfin da aka rubuta a jiki: ƙaramin injin fetur yakan yi aiki da kik mai kW 1.0 zuwa 1.4, na dizal yakan buƙaci 2 ko fiye. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, amma ta manuwal da ta otomatik kik ɗinsu yana iya bambanta. In ka ga saɓani ko guda, mayar da shi tun bai ga mai ba.

Kafin ɗaurawa, goge fuskar giyabos inda kik ke zama da samfefa har ƙarfe ya fito fes. Ta jikinsa kik ke samun at, wato hanyar da wuta ke komawa nagatib na batir, don haka tsatsa ko fenti a wurin yana rage masa ƙarfi. Zaunar da shi daidai, ya manne ba gibi. Fara ɗaura notocin da yatsa, zagaye uku ko huɗu, kafin sifana ta zo. Giyabos ɗin alminiyam ne galibi, in noti ya shiga a karkace ya cinye tiredi, wato zaren ramin noti, aikin awa ɗaya ya koma na kwana biyu. Kada ka yi amfani da noti wajen janyo kik ɗin da ya ƙi zama; ƙin zaman yana nufin wani abu bai daidaita ba. Ƙarfin ɗaurin, wanda ake aunawa da Nm a sifana mai awo, yakan faɗa tsakanin Nm 35 da 50, amma littafin motarka shi ke da magana ta ƙarshe.

Notin babbar waya kuwa a hankali, kusan Nm 10 ya isa. Sandar jan ƙarfe ce a cikin murfin roba mai tauri, ƙarfi ya yi yawa murfin ya tsage. Mayar da hular robar da ke rufe shi, da farantin kare zafi idan akwai. Kan batir na nagatib shi ne ƙarshe.

Tambaya: Na sa sabon kik amma har yanzu in na murɗa makulli sai in ji “ƙas” sau ɗaya, shi ke nan. An sayar mini da mara kyau ne?

Amsa: Yana yiwuwa, ɗan'uwa, amma abin da ya fi yiwuwa shi ne tsohon ma lafiyarsa ƙalau. Wannan “ƙas” ɗin solonoid ne ya ja. Shi wuta kaɗan yake ci, yayin da ɓangaren kik mai juyawa ke jan amfiya 100 zuwa 200 a ƙaramin inji. Waya mai tsatsa za ta iya ciyar da na farko ta kasa na biyu.

Nemi mitar auna wuta. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 idan mota ta huta, 12.2 kuwa rabin caji ne. Sa wani ya murɗa makulli kana kallo: in ya faɗi ƙasa da 9.6, batirin ne. In bai faɗi ba, ɗora tsinken mita ɗaya a kan fozitib na batir, ɗayan a kan sandar babbar wayar kik, a sake murɗawa. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, bai kamata ya wuce 0.5 ba. Maimaita tsakanin nagatib da jikin kik, nan 0.2 zuwa 0.3 ne iyaka. Wayar at da ke haɗa inji da bodi ita ce aka fi mantawa, kuma tana ruɓewa daga ciki alhali robar waje tana sheƙi.

Idan duk wannan ya yi daidai, sa sifana a notin fulin gaba ka gwada juya injin da hannu. Injin da ya ƙame, ko wanda ruwa ya cika masa silinda, ba kik ɗin da zai juya shi. Da a ce ko “ƙas” ɗin ba ka ji, da sai mu tura ka wajen fis, rilai, makunnin kuloci, ko makunnin da ke hana otomatik tashi in ba a P ko N take ba.

Tambaya: Tunda aka canza mini kik, wani lokaci motar tana tashi lafiya, wani lokaci sai ta yi ƙara kamar ana gurza ƙarfe. In ci gaba da hawa?

Amsa: Hajiya, a duba da wuri, don kowace ƙarar nan haƙori ne ke raguwa. Kasancewar ba kullum take yi ba ya sa muka fi zargin haƙoran fulawil, babban faifan bayan inji da bendis ke kamawa ya juya. Inji mai silinda huɗu kusan a wurare biyu yake tsayawa duk lokacin da aka kashe shi, mai shida a wurare uku, don haka bendis yana dukan haƙora iri ɗaya shekara da shekaru. In ya faɗa kan lafiyayyu mota ta tashi, in ya faɗa kan cinyayyu ya gurza. Ki sa a sauke kik ɗin, a haska ramin da tocila, ana juya inji da hannu har fulawil ya yi zagaye cikakke. Makanike da yawa suna leƙa wuri ɗaya su ce lafiya. In haƙoran sun ci, sai an sauke giyabos, babu gajeriyar hanya, kuma barin su haka zai cinye sabon bendis.

In fulawil ɗin lafiya yake, saura noti da bai ɗauru ba, ko kik mai haƙoran da ba na motar ba. Kada a yarda a cusa giris a haƙoran don ƙarar ta lafa. Ƙurar kuloci za ta manne a jiki, bendis ya daina zamewa.

Tambaya: Kik na biyu ke nan yana ƙone mini cikin ɗan lokaci. Me ke kashe su?

Amsa: Duba wanda ya mutu. In ya jiƙe da baƙin mai, akwai yoyo a samansa, man yana shiga ya lalata burushi. A toshe yoyon kafin a ɗaura na uku. In kuma warin ƙuna yake, zafi ne. An ƙera kik don aikin daƙiƙoƙi, ba shi da fanka. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10, ka ba shi hutun aƙalla rabin minti kafin ka sake. Motar da sai an daɗe ana murɗawa take tashi, matsalarta tana wajen fetur ko fulogi, kik ɗin biyan bashin wani yake yi.

Raunin batir ma yana kashe shi: juyi a hankali yana sa shi jan wuta fiye da ƙima, har tagullar cikin solonoid ta narke ta manne. Alamar haka ita ce kik ya ci gaba da juyi bayan ka saki makulli. In ka ji wannan, kashe inji ka cire nagatib nan take. Makullin da ba ya komawa da kansa, da ƙaramar waya da ke gogar babba, su ma suna kawo haka, don haka a gwada su kafin a sayo wani.