Zauren Tambaya: In cire 'yata daga ƙungiyar wasan kwaikwayo?

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, ta shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarsu. Sau biyu a mako takan tsaya bita bayan an tashi. Ni kuwa likita nake so ta zama, ga shi lissafinta sai a hankali. Ina ganin ɓata lokaci ne kawai. In cire ta?
Daga wani mahaifi.

AMSA: Malam, ka bar ta. Sai dai ba don dalilin da aka saba ba ka ba.

Za ka ji ana cewa kiɗa da wasa suna buɗe wa yaro kan lissafi. Tushen zancen wani bincike ne da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 1993, inda aka kunna wa ɗaliban jami'a kiɗan Mozart, wani shahararren makaɗin Turai na zamanin da, na minti goma, suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwaji na fahimtar siffofi. Abin bai jima ba, kusan kwata awa ya gushe, kuma ba yara aka gwada ba. 'Yan kasuwa ne suka kambama shi, suka yi ta sayar wa iyayen jarirai faifai. Don haka ba zan yi maka daɗin baki ba, wasan ba zai gyara mata lissafi ba. Lissafi sai ta zauna da shi, biro a hannu.

Amma tunda likita ka ce, bari mu tsaya nan. Likita ba da littafi yake magana ba, da mutum ne mai ciwo, mai tsoro, wani lokacin ma mai ɓoye gaskiya don kunya. A 1963 wani likitan jijiyoyi a Amurka, Howard Barrows, ya fara horar da mutane lafiyayyu su kwaikwayi marasa lafiya, ɗalibansa su yi musu tambayoyi su duba su. Yanzu makarantun likitanci da dama a duniya da haka suke koyarwa, har da jarrabawa. Wato abin da kake kira ɓata lokaci, shi ne za ta tarar a gaba, sai dai ta riga tsararta iya sauraro da karanta fuska.

Na daɗe ina riƙe da alli, kuma akwai wata yarinya da ba na mantawa. Zango biyu ban taɓa jin muryarta ba, ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai. Da aka rasa mai fitowa a matsayin tsohuwa mai faɗa, abokiyar aikina ta tura ta, ni kuma a raina na ce an jawo wa yarinya kuka. Ranar wasan har bayan ɗakin taro ana jin ta! Maki bai tashi sama nan take ba, kada in ƙara gishiri. Amma daga ranar ta fara ɗaga hannu ta ce, "Malama, ban gane ba." Malami ya san darajar wannan jimlar.

Kuma ba alfarma makaranta take yi wa yaran ba. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya ambaci haƙƙin yaro na shiga harkokin al'adu da fasaha.

Damuwarka kan jarrabawa tana da tushe. Ka je ka ga malamin da ke kula da ƙungiyar, ka tambayi abin da suke shiryawa da lokacin tashinsu, ku yi yarjejeniya a sassauta mata bita idan jarrabawa ta ƙarato. Ita kuma ta ware wa lissafi lokacinsa kullum, ko da rabin awa ne. Ranar da za su nuna wasan, Malam, ka je da kanka, ka zauna inda za ta gan ka.