Bayan tiyatar babban yatsan ƙafa, yaushe zan koma takalmin aiki?

Tambaya: Likita, an gyara min babban yatsan ƙafata da ya karkace, ta hanyar ƙananan huda. Aikin ofis nake, a zaune nake wuni. Yaushe zan koma?

Amsa: Yawanci bayan mako 2, amma da takalmin nan mai tauri da aka ba ki a asibiti. Ki samu kujera ki riƙa ɗora ƙafar a kai.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni mai walda ne, kuma a wurin aikinmu ba a shiga sai da but mai bakin ƙarfe. Mako 3 ke nan da tiyata, raunin ya rufe, tabon ma da kyar ake ganinsa. Maigidana ya ce ai ƙaramin aiki aka yi min, in dawo. In sa but ɗin?

Amsa: Malam, kada ka sa. Maganar maigidanka ce ta fi damuna, domin ta cuci mutane da yawa. Hudar da aka yi maka ba ta wuce 'yan milimita ba, gaskiya ne. To amma ta cikinta aka zura na'ura aka yanke dogon ƙashin da ke bayan yatsan, aka tura shi gefe, sannan aka kafe shi da kusoshin ƙarfe, likita yana duban hoton ƙashin yayin da yake aiki. Ma'ana, karaya ce aka yi maka da gangan. Fata takan rufe cikin mako 2, shi kuwa ƙashi sai ya kai wajen mako 6 kafin ya fara kamawa sosai, ƙarfinsa kuma bai cika dawowa kafin wata 3 ba. Kusoshin riƙo kawai suke yi kafin ƙashin ya haɗe.

But mai bakin ƙarfe ba ya buɗewa ko kaɗan, kuma gefen ƙarfen yakan zauna kusa da inda aka yi aikin. Ga nauyi, ga tsugunno da hawa tsani, duk suna lanƙwasa gaɓar da ake so ta huta. Ƙashin zai iya gocewa, yatsan ya sake karkata, a koma ɗakin tiyata.

Ka ci gaba da takalmin asibiti har mako 4 zuwa 6, yadda likitanka ya tsara. Idan hoton ƙashi ya nuna ya kama, sai ka koma kambas mai faɗin gaba. But kuwa, yawancin masu aiki irin naka sai wajen wata 3. Idan lokacin ya yi, kada ka tilasta wa ƙafar tsohon but ɗinka. Gwada sabo da yamma, lokacin da ƙafa ta fi kumbura, ka zaɓi mai faɗi, wanda ya bar sarari kamar faɗin yatsa a gaba. Fara da awa ɗaya a gida, kana ƙarawa kullum. Kuma kada ka tsaga gefensa don ya ba ka wuri, ka lalata kariyar ke nan.

Karɓi takarda daga asibiti ka kai wa maigidan, a ba ka aikin zama ko ƙarin hutu. In kana shan taba, ka ajiye ta, tana jinkirta haɗuwar ƙashi. Ciwo ya ƙaru kwatsam, ko ka ga yatsan ya sauya tsayuwa, koma asibiti ranar.

Tambaya: Wata 4 ke nan, amma da yamma takalmin aikina na jinya yana matse ni. An ce in gasa da ruwan zafi, wani kuma ya ja min yatsan ya murza.

Amsa: Haba 'yar'uwa, ke da kike aikin asibiti! Yatsan da aka kafe da kusoshi ne za a ba wani ya ja? Ga shi fatar wurin kan yi dindiris bayan tiyata, sai ki ƙone ba ki ji ba, balle in kina da ciwon suga. Kumburin yamma kan kai wata 6, wani har shekara. Ɗaga ƙafar sama da ƙugu, ki sa ƙanƙara a cikin tawul na minti 15, ki sassauta igiyar takalmin. Amma idan wurin ya yi ja da zafi, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya zo, je a duba ki. Idan sharaɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, wannan na gaggawa ne, zai iya zama gudan jini.

Tambaya: Direba ne ni, ƙafar dama aka yi wa aiki.

Amsa: Kada ka tuƙa da takalmin asibiti. Jira wajen mako 6, har ka iya taka birki da ƙarfi ba ciwo, likitanka kuma ya amince.

Tambaya: Takalmi mai tsini fa? Wurin aikinmu ana son sa.

Amsa: Hajiya, ki ba shi wata 6. Bayan nan ma gajere, mai faɗin gaba, kuma ba kullum ba. Ya matse yatsan, ki cire.