Me ya faru ranar 7 ga Disamba?

Malam ka tambayi abin da ya faru ranar 7 ga Disamba, ai ranar ba ƙarama bace. A 1941 da sassafe ranar Lahadi jiragen yaƙin Japan suka yi wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ruwan bama-bamai, mutum sama da 2,400 suka mutu, a jirgin ruwan yaƙi mai suna Arizona kaɗai fiye da dubu, washegari Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu gadan-gadan.

Ni dai wadda tafi taɓa ni ta 1970 ce, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ya durƙusa gwiwa biyu a Warsaw, babban birnin Poland, gaban wurin tunawa da Yahudawan da ƴan Nazi suka kashe, ko uffan bai ce ba. Sai 1988, girgizar ƙasa a Armeniya, kusan mutum 25,000 ta ci.