Amsa: Me ya sa alƙaluman cinikin motoci na duniya ke saɓa wa juna?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa rahoto biyu kan ba da adadi daban a shekara guda. Yawanci ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Wani yana lissafa motocin da aka ƙera, wani waɗanda kamfani ya tura wa dillalai, wani kuma waɗanda aka yi wa rajista. Ni na fi yarda da rajista, don ita ce ke nuna motar ta shiga hannun mai ita.

Dubi Chana, wadda ta zama kasuwa mafi girma tun 2009. Motoci sama da miliyan 30 da ƙungiyar masu ƙera motocinta ta ce an sayar a 2023, har da waɗanda aka fitar waje a ciki. Haka nan idan sun ce motocin sabon makamashi, suna haɗa masu batir zalla da masu batir da fetur da ake cajawa.

Sai rabe-rabe. Ƙungiyar masu ƙera motoci ta duniya, OICA, da ke Faris tana ware motocin fasinja daga na kasuwanci, wato motocin kaya manya da ƙanana da bas-bas. Amurka kuwa a-kori-kura da yawancin jif-jif tana sa su a rukunin ƙananan motocin kaya, sai ka ga adadin motocin fasinjanta ya yi ƙasa sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne sababbi kawai ake ƙirgawa. Tokumbo da ke shigo mana ta Legas da Kwatano ba sa ciki, shi ya sa kasuwar Najeriya take fitowa 'yar mitsitsiya a teburinsu.