Amsa ga ɗan'uwan da kamfani zai biya wa rabin kuɗin EMBA

Ɗan'uwa, tambayarka ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Shekara 14 kana aiki, ga iyali, kamfani ya ce zai biya rabin kuɗin EMBA (digiri na biyu a harkar kasuwanci, na ma'aikatan da suka daɗe a aiki) in ka yarda za ka zauna musu shekara uku bayan ka gama. Don Allah kar ka sa hannu sai lauya ya karanta maka takardar yarjejeniyar.

Ka duba ko bashin, wato kuɗin da za ka mayar musu in ka tafi da wuri, yana raguwa. In ka bar aikin bayan shekara biyu, kashi ɗaya cikin uku za ka mayar ko duka? In su suka sallame ka fa? A nan takardun suka fi yin shiru. Sai maganar ranakun aji, wadda ita ce ke ƙona rai. Oga zai yi maka murmushi ya ce ai ba komai, Allah ya ba da sa'a. Ranar da kake da jarrabawa kuma ya sa taron ƙarshen wata, ya yi ta kiranka kana cikin aji, ƙarshen shekara ya rubuta cewa hankalinka ya rabu biyu. Mutumin da ya sa hannu a takardar tallafinka fa! Ƙarin girman da ka shiga karatun dominsa sai ka ga an ba wani, kai kuma an ɗaure ka, ba halin tafiya. Saboda haka sashen ma'aikata su rubuta maka ranakun baƙi da fari, kuma kar a cire su daga hutunka na shekara.

Rabin nan ma kuɗin makaranta ne kawai. In Lagos Business School ce, lissafa jirgi daga Kano, masauki da cunkoson hanyar Ajah har wajen shekara biyu. Dangote Business School ta BUK ko ABU Zariya ba su da wannan wahalar, sai dai abokan ajin da za ka samu daban ne, kuma su ne rabin abin da kake saya. Makarantar ƙasar waje kam, tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, kar ka taɓa sai kamfani zai biya da dala.

Ka nemi tiranskirif ɗinka (takardar makin karatunka na baya) tun yanzu, yana iya cin watanni. Mai HND yawanci sai ya bi ta PGD, wato difloma ta bayan digiri. In digirin digirgir kake hari, jami'o'i da yawa MSc suke nema, MBA ba ta isa ba.

Ka ware aƙalla sa'a 12 a mako ban da aji, don aikin rukuni da daddare ake yin sa, kuma ba a rasa wanda ba ya taɓuka komai sai dai a sa sunansa. Ka goge Excel da karanta bayanan kuɗin kamfani kafin zangon farko. Uwargida ta san da maganar kuwa? Asabar ɗinta ce za ta tafi, da bukukuwan dangi.